Alan Schwarz, Marubucin Wasanni Mai Lissafi

A cikin ma'aikatan jarida babu wanda jama'a suke ganin aikinsa ya fi sauƙi kamar mai rubuta labarin wasanni. Ana ɗauka iyakar wahalarsa ya tafi fili, ya sami wuri mai inuwa ya zauna, ya kalli samari suna guje-guje, in an tashi ya rubuta wa ya ci, wa aka ci, ya miƙa wa edita. Sau da yawa kuwa hakanan ne. Amma a ƙasar Amurka an yi wani marubucin wasanni, sunansa Alan Schwarz, wanda rubutunsa ya taimaka har aka kira shugaban ƙungiyar wasa mafi dukiya a ƙasar gaban Majalisa, aka sake dokokin wasa, aka kafa sababbin ƙa'idodi na tsare lafiyar yara a makarantu. Shi muke so mu ba masu karatu labarinsa yau, domin abin da ya yi aiki da shi, watau lissafi da bin rajista layi layi, shi ne kayan aikin malamai da akawuna kullum.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Alan Schwarz a shekara ta 1968 a jihar New York. Ya shiga Jami'ar Pennsylvania, a birnin Philadelphia, ya karanta ilmin lissafi, ya fita a 1990. Niyyarsa tun farko ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare. To, sa'ad da yake jami'a ya riƙa rubuta labarin wasanni a jaridar ɗalibai, da ya gama kuwa sai aikin jarida ya riga aikin koyarwa zuwa gare shi. Ya ɗan taɓa aiki a wata jaridar wasanni mai fita kullum, sunanta The National, wadda ba ta yi tsawon rai ba. A 1991 ya koma mujallar Baseball America, ya zauna yana yi mata rubutu fiye da shekara 15. Ban da wannan ya riƙa aika wa jaridar New York Times da sauran wurare rubuce-rubuce a kan ƙididdigar wasanni.

Kafin mu wuce gaba ya kamata mu bayyana wasan da ya ba da ƙuruciyarsa gare shi, tun da yake ba a san shi sosai a ƙasashenmu ba. Sunansa besbol, ɗan'uwan wasan kurket ne na Ingila. Ɓangare biyu ke karawa, kowane da mutum 9 a fili. Mai jifa yana tsayawa nisan ƙafa 60 da inci 6 daga mai duka, ya wurgo masa ƙwallo mai tauri wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, da gudun da yakan zarce mil 90 a awa. Mai duka yana riƙe da gora. In ya sami ƙwallon ya make shi, sai ya sheƙa da gudu ya bi matsaya huɗu da aka jera a fili, in ya kewayo gida lafiya an ci ɗaya. Ana yin zagaye 9 kafin a tashi. A babbar gasa ta Amurka kowace ƙungiya takan yi wasa 162 a shekara, ban da wasannin ƙarshe.

Abin da ya bambanta besbol da sauran wasanni shi ne ba a barin kome ya wuce ba a rubuta ba. Kowane jifa, kowane duka, kowane kuskure, yana da gurbinsa a takarda. Wanda ya kafa wannan al'ada wani ma'aikacin jarida ne haifaffen Ingila, Henry Chadwick, wanda ya rayu daga 1824 zuwa 1908. Ya ɗauko dabarar rubuta sakamakon kurket ya gyara ta ta dace da besbol. Tun daga zamaninsa ake auna gwanintar mai duka da lissafi: a raba yawan dukan da ya yi mai kyau da yawan fitowarsa. Wanda ya sami 3 cikin kowane 10 gwani ne. A 2004 Schwarz ya buga littafi mai suna The Numbers Game, ya ba da tarihin mutanen da suka yi ta wannan ƙirge-ƙirge fiye da shekara ɗari.

Mai wannan sana'a yakan koyi abu biyu da wanda bai yi ta ba zai ga kamar sun saɓa wa juna. Na farko, ƙaramin adadi yakan yaudari mutum. In yaro ya yi duka mai kyau sau 5 cikin fitowa 10, wannan bai nuna gwani ne ba, mai yiwuwa sa'a ce, sai an ga abin da zai yi cikin fitowa 500. Na biyu, akwai inda ƙaramin adadi ya isa shaida, watau in abin da ake magana a kansa ba safai ake ganinsa ba. In cuta tana kama mutum ɗaya cikin dubu, sa'an nan aka duba mutum huɗu masu sana'a ɗaya aka same ta a jikin dukansu, mai hankali ba zai tashi ya tafi ba, sai ya tsaya ya bincika. Sanin wurin da kowace ƙa'ida take aiki shi ne jarin da Schwarz ya tara a besbol.

RAUNIN DA AKE GANI DA WANDA BA A GANI

Besbol ba ya rasa raunukansa. A watan Agusta 1920 ƙwallo ya sami wani ɗan wasan Cleveland, Ray Chapman, a ka, ya rasu kashegari. Duk da haka sai a 1971 aka tilasta wa masu duka sa kwalkwali a babbar gasa. Masu jifa kuma jijiyar gwiwar hannunsu takan tsinke. A 1974 wani likita, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga ɗaya hannun wani majefi, Tommy John, ya dasa masa a gwiwar da ta lalace, mutumin ya warke ya yi shekaru yana wasa, har aikin ya ci sunansa. Irin waɗannan raunuka ana ganinsu da ido ko a hoton asibiti, ana rubuta su a rajista, jarida ta buga cewa wane zai yi jinya mako kaza.

Akwai wani rauni dabam wanda ba jini, ba kumburi, ba karaya. Ƙwaƙwalwar mutum tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai yana tafiya da ƙarfi ya tsaya farat ɗaya, ko aka fizge shi gefe, sai ƙwaƙwalwa ta girgiza, ta bugi bangon ƙoƙon, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da kima. Wannan shi muke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Alamunta jiri, da ciwon kai, da amai, da ganin abu biyu-biyu, da mance abin da ya auku yanzu yanzu. Ba lalle mutum ya suma ba, mafi yawa ma ba su suma. Galibi akan warke in an huta. Hatsarin yana wajen a sake bugun kan kafin na farko ya warke, musamman ga yara, da kuma wajen tarin duka na shekara da shekaru. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe suke komawa suna tangaɗi kamar mashaya, harshe ya yi nauyi, hankali ya ragu. Amma an daɗe ana ɗauka cutar 'yan dambe ce kaɗai.

Wasan da wannan rauni ya fi yawa a cikinsa a Amurka shi ne ƙwallonsu na karo, mai kama da zari-ruga, inda ƙarti masu kwalkwali suke rugowa su yi gware kamar raguna. Ƙungiyar da ke riƙe da babbar gasarsa ana kiranta NFL. A 1994 ta kafa kwamitin likitoci don nazarin girgizar ƙwaƙwalwa, ta ɗora Elliot Pellman a kansa, likitan ƙungiyar New York Jets, wanda fanninsa ciwon gaɓoɓi ne. Daga 2003 kwamitin ya yi ta buga takardu a mujallar likitoci mai suna Neurosurgery, yana nuna cewa raunin mai sauƙi ne, kuma babu shaidar yana barin lahani mai daɗewa.

LIKITA DAGA NIJERIYA

Wanda ya fara karya wannan magana mutumin Nijeriya ne, Bennet Omalu, haifaffen ƙasar Anambra a 1968, shekara ɗaya da Schwarz. Ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya tafi Amurka a 1994, ya zama mai binciken gawa a birnin Pittsburgh. A watan Satumba 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, shahararren ɗan ƙwallon birnin, wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru cikin ruɗewa da talauci. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da Omalu ya yanka ta siri-siri ya rina, ya duba a madubin likita, sai ya tarar da wani sinadari mai suna tau ya dunƙule a wurare da yawa, irin abin da aka sani a ƙwaƙwalwar 'yan dambe. Ya buga sakamakon a 2005. Cutar ita ce likitoci suka taƙaita sunanta da CTE. Likitocin kwamitin NFL suka rubuta suna neman a janye takardarsa, ba a janye ba, amma jama'a ba su ji labarin sosai ba.

A nan wani saurayi ya shigo, Chris Nowinski, wanda ya yi ƙwallon karo a Jami'ar Harvard, ya koma kokawar nuni ta talabijin, har girgizar ƙwaƙwalwa ta raba shi da sana'ar. Ya rubuta littafi a kan matsalar, sunansa Head Games, ya kai wa Schwarz ya duba tun ba a buga ba. Schwarz bai taɓa zama wakilin jarida a wasan ƙwallon karo ba, amma ya karanta ya ga maganar tana da tushe. Littafin ya fito a 2006.

A watan Nuwamba na shekarar nan wani tsohon ɗan wasan Philadelphia Eagles, Andre Waters, ya kashe kansa yana da shekara 44. Nowinski ya roƙi danginsa su yarda a duba abin da ya rage na ƙwaƙwalwarsa, suka yarda, aka aika wa Omalu. Omalu ya ce ta yi kama da ta tsoho mai shekara 85 wanda cutar mantuwa ta fara kamawa. Nowinski ya kai wa Schwarz labarin, Schwarz ya kai New York Times. Ran 18 ga Janairu 2007 aka buga shi a shafin farko. Bayan mako biyu ya biyo da labarin Ted Johnson, mai shekara 34, wanda ya ci kofi sau uku tare da New England Patriots. Johnson ya faɗa da bakinsa cewa a 2002 an mai da shi horon karo kwana kaɗan bayan ya bugu a ka, ya sake buguwa, tun daga nan baƙin ciki da mantuwa suka sa shi gaba. Ba a daɗe ba jaridar ta ɗauki Schwarz aiki sosai.

YAƘIN ƘIDIDDIGA

Amsar da likitocin NFL suka riƙa bayarwa ita ce mutum biyu ko uku ko huɗu ba su isa hujja ba, cikin dubban da suka yi wasan. Suka ce wataƙila shaye-shaye ne, ko gado, ko tsufa. Wani marubuci da ya ji manyan likitoci sun faɗi haka sai ya rubuta maganar wannan, ya rubuta ta wancan, ya bar mai karatu a tsakiya. Schwarz ya rubuta maganar kowa, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Ya tambaya, mutum nawa cikin dubu na sauran jama'a ake samu da irin wannan lahani a shekara 45 ko 50? In kaɗan ne ƙwarai, yaya aka yi gawawwakin farko da aka duba, ɗaya bayan ɗaya, aka same shi?

Ya kuma sami wata rajista da NFL ta buɗe da hannunta. A 2007 ƙungiyar da ƙungiyar 'yan wasa suka kafa asusun taimakon tsofaffin 'yan wasa masu cutar mantuwa, a lokacin ana ba mutum har dala 88,000 a shekara. An sa masa lamba 88 ne don ita ce lambar rigar John Mackey, wani gwanin wasa da cutar ta kama. Duk wanda aka karɓa cikin asusun, likita ya riga ya shaida yana da cutar. Saboda haka yawan masu karɓa, in aka auna shi da yawan tsofaffin 'yan wasa masu rai, yana nuna mafi ƙarancin yaɗuwar cutar, tun da akwai waɗanda ba su nema ba. Schwarz ya bi wannan lissafi ya nuna adadin ya fi na sauran jama'a nesa.

Babbar shaida ta zo a ƙarshen Satumba 2009. NFL da kanta ta biya masu bincike na Jami'ar Michigan suka tambayi tsofaffin 'yan wasa 1,063 ta waya game da lafiyarsu. Schwarz ya sami rahoton ya buga abin da ke ciki. A cikin masu shekara 50 zuwa sama, kimanin 61 cikin 1,000 suka ce an shaida musu cutar mantuwa ko makamanciyarta, alhali a sauran mazan ƙasar 12 ne cikin 1,000, watau ninki 5. A cikin masu shekara 30 zuwa 49 kuwa 19 ne cikin 1,000, a sauran jama'a 1 cikin 1,000. NFL ta ce tambaya ta waya ba gwajin asibiti ba ce, wannan kuwa gaskiya ne. Amma ita ta nemi binciken, ita ta biya, ba ta da halin cewa maƙiya ne suka ƙaga.

Ran 28 ga Oktoba 2009 kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya zauna a Washinton, ya kira shugaban NFL, Roger Goodell. Aka tambaye shi ko ya yarda akwai dangantaka tsakanin wasan da lalacewar ƙwaƙwalwa, bai amsa kai tsaye ba. Wata 'yar majalisa, Linda Sanchez, ta kwatanta halin ƙungiyar da na kamfanonin taba, waɗanda suka yi shekaru suna musun cewa hayaƙi yana cuta. A watan Nuwamba likitoci biyu da ke shugabancin kwamitin NFL a lokacin, Ira Casson da David Viano, suka sauka. A Disamba aka kafa doka cewa ɗan wasan da ya nuna alamun girgizar ƙwaƙwalwa ba zai koma fili a ranar ba. Cikin watan nan kuma kakakin ƙungiyar, Greg Aiello, ya amsa wa Schwarz cewa bincike ya nuna raunin yana iya barin lahani mai daɗewa. Tsakanin labarin Waters da wannan amsa shekara uku ce ba wata ɗaya.

YARA DA KWALKWALI

Manyan 'yan wasa kimanin dubu biyu ne a kowace shekara, amma yaran sakandare masu yin wasan sun fi miliyan ɗaya. Tun 2007 Schwarz ya juya gare su. Ya zaga makarantu, ya rubuta yadda yara suke ɓoye jiri da ciwon kai don kada a fid da su daga wasa, ko abokai su ce musu ragwaye. Ya rubuta cewa 'yan mata masu ƙwallon ƙafa su ma suna samun raunin, ba a kula. A jihar Washinton wani yaro mai shekara 13, Zackery Lystedt, ya bugu a ka a 2006, aka mai da shi wasa a ranar, ya faɗi, ya tashi da naƙasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa mai sharaɗi uku: a koya wa malaman wasa da iyaye da yara alamun raunin, a fid da duk yaron da ake zaton ya bugu nan take, kada ya koma sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi doka irin wannan.

A 2010 ya binciki kwalkwalin kansa. Iyaye suna ganin hatimi a jikinsa su sakankance. Schwarz ya nuna cewa gwajin da ake yi kafin a buga hatimin bai sake sosai ba tun 1973, an tsara shi ne don hana fashewar ƙoƙon kai, kuma hukumar da ke tsara gwajin da kuɗin masu ƙera kwalkwali take gudana. Kwalkwali yana tsare ƙashi, amma ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, kamar yadda kwali yake tsare ɓawon ƙwai ba ya hana gwaiduwa motsi.

Bai manta da besbol ba. A watan Agusta 2010 ya rubuta a kan Lou Gehrig, gwanin New York Yankees wanda ya yi wasa 2,130 a jere bai huta ko ɗaya ba, ya rasu a 1941 yana da shekara 37 da wata cutar shanyewar jiki da har yau ake kira da sunansa. Wani sabon bincike ya nuna cewa yawan bugun kai yana iya kawo cuta mai kama da ita. Schwarz ya tono tsofaffin jaridu, ya nuna Gehrig ya sha duka a ka, har a 1934 ƙwallo ya sumar da shi, kashegari ya fito wasa. Waɗansu likitoci sun yi gardama da wannan bincike, kuma ba za a iya tabbatar da abin da ya kashe Gehrig ba, domin an ƙone gawarsa. Amma labarin ya sa mutane suka sake duban abin da suka daɗe suna yabo, watau jarumin da ba ya hutawa kome ciwo. A 2011 babbar gasar besbol ta buɗe rajistar jinya ta kwana 7 musamman don girgizar ƙwaƙwalwa. A 2013 aka shaida cutar CTE a ƙwaƙwalwar Ryan Freel, wanda ya rasu a 2012 yana da shekara 36, shi ne ɗan babbar gasar besbol na farko da aka same ta gare shi. A 2014 aka yi dokar rage karo tsakanin mai gudu da mai tsaron gida.

ƘARSHEN AIKINSA A JARIDA

Schwarz ya rubuta labari fiye da 100 a kan wannan matsala. Ya sami lambar George Polk, kuma a 2011 aikinsa ya kai zagayen ƙarshe na lambar Pulitzer a sashen hidimar jama'a. Daga nan ya bar shafin wasanni ya koma rubutu a kan yara da makarantu, musamman yadda ake yawan ba yaran Amurka ƙwayoyin maganin rashin natsuwa. Ya buga littafi a kai a 2016, sunansa ADHD Nation.

A watan Maris 2016 ya komo kan tsohuwar magana sau ɗaya, tare da abokan aiki biyu. Sun sami ainihin rajistar da kwamitin NFL ya gina takardunsa a kai, mai ɗauke da rauni 887 daga 1996 zuwa 2001, an ɓoye sunayen ƙungiyoyi da na 'yan wasa da lambobi. Suka warware lambobin, suka gwada rajistar da rahotannin jinya da ƙungiyoyi suka riƙa bayarwa a fili kowane mako. Sai ga fiye da rauni 100 da likitoci suka shaida ba su cikin rajistar. Ƙungiyar Dallas Cowboys ba ta da ko ɗaya a ciki, alhali kowa ya san gwaninta Troy Aikman ya bugu a shekarun nan. Kowane akawu ya san ma'anar wannan: in an bar layi a waje, jimla ƙarya ce kome kyan rubutun. NFL ta nemi jaridar ta janye labarin, jaridar ta ƙi. A shekarar nan Schwarz ya bar New York Times.

A gefe guda kuma tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 sun kai NFL ƙara. A 2013 aka shirya a kan dala miliyan 765, alƙaliya ta ga kuɗin ba za su isa ba, aka cire iyakar, ta amince a 2015. A 2017 likitocin Jami'ar Boston, a ƙarƙashin Ann McKee, suka ba da rahoton cewa cikin ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan NFL da suka duba, 110 suna da cutar. Wannan adadi yana bukatar irin hattarar da muka ambata da farko. Dangi ne suka ba da gawawwakin, galibi don sun ga alamun ciwo tun mutumin yana da rai, saboda haka ba a cewa kashi 99 cikin ɗari na 'yan wasa suna da ita. Abin da ya nuna shi ne cutar tana nan, kuma ba kaɗan ba ce.

ABIN LURA

A ganinmu abu uku suka sa wannan mutum ya yi abin da ɗaruruwan wakilan jarida da ke bin wasan kullum ba su yi ba. Baƙo ne a wasan, ba ya bukatar a buɗe masa ƙofar ɗakin 'yan wasa gobe, don haka ba ya tsoron a rufe ta. Ya iya lissafi, in mai babbar riga ya faɗi adadi sai ya koma gida ya gwada da kansa. Sa'an nan ya yi naci, bai buga labari ɗaya ya wuce ba, ya zauna a kan magana ɗaya shekara huɗu, ga shi kuwa an ce a juri zuwa rafi. Ba shi ya gano cutar ba, aikin Omalu ne da McKee da sauran likitoci. Nasa shi ne ya fito da ita daga mujallar da likitoci kaɗai ke karantawa, ya kai ta inda iyaye da 'yan majalisa za su gani.

Ƙwallon karo da besbol wasannin Amurka ne, amma ƙoƙon kai iri ɗaya ne ko'ina. Yara biyu sukan yi gware wajen tsallen ƙwallo a filin makaranta, ɗan dambe yakan sha dunƙule a ka ya tashi yana layi jama'a suna yi masa kirari. Malamin da ke tsaye a bakin fili ba ya bukatar asibiti kafin ya bi sharuɗɗan nan uku. Ya san alamun, ya fid da yaron da ya bugu ko da yaron ya rantse lafiyarsa ƙalau, kada ya bar shi ya koma sai ma'aikacin lafiya ya gan shi. Muna ƙara na huɗu daga aikin Schwarz: a rubuta a littafin makaranta, da sunan yaron, da ranar, da abin da ya faru, don in ya sake buguwa baɗi a san ba na farko ba ne.